Lambar Malam Ɗalha

Ina cikin ɗura albasa a buhu Goggo Iklima, uwargidan Malam Ɗalha, ta shigo rumfata ba sallama, mayafinta a karkace.

"Lauwali, taho. Malam ya ƙi kwantawa, ya ƙi shan magani. Kai shika kira."

Malam Ɗalha maƙwabcina ne a Aliero, katanga ɗaya ta raba mu, amma shekara talatin gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shi ya koya mana lissafi a sakandare. Wata rana, don neman suna, na ninka lambobi biyu a ɓoye, na rubuta abin da ya fito a allo: 100,160,063. Malam ya gwada ta ya gaji, ya ce ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Na ce tana rabuwa. Kafin in yi bayani ya zane ni a gaban aji. Ban sake komawa makaranta ba. Ni taurin kai ya hana ni faɗi, shi girman kai ya hana shi tambaya.

Na same shi a zaure, jingine da bango, ya rame kamar sillen kara. Bangon duk rubutun gawayi ne. Tun da ya yi ritaya yake raba lambar nan da lambobin da ba sa rabuwa, ɗaya bayan ɗaya, sama da dubu.

"Saura guda," ya ce, yana haki. "In wagga ba ta raba ta ba, to ba mai raba ta. Hannuna ya ƙi. Amshi gawayin."

A ƙasan bango ya rubuta 10,007. Ita ce ɗaya daga lambobi biyun da na ninka.

"Malam, bari wanga abu. Ba ta rabuwa, kai ad da gaskiya."

"Kak ka yi mani ƙarya ina bakin kabari. In na buge ka bisa zalunci, ina son in sani tun ina da bakin roƙo. Raba."

Na durƙusa na raba, gawayin yana karyewa a hannuna. Ta ba da 10,009. Ba saura. Na zana sifili a ƙasa.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe na kashe maka karatu a banza. Lauwali, ka yahe mani."

Wallahi na so in amsa nan take. Amma sai na tsaya ina goge hannu a riga kamar wawa. Goggo ta girgiza kafaɗata.

"Hwaɗi mana, ɗan nan! Hwaɗi don shi ji!"

"Na yahe, Malam. Na yahe duniya da lahira."

Na faɗa sau uku, har da kai bakina kunnensa. Goggo ta sa tafin hannu ta rufe masa ido. Har yau ban san ko ya ji ba.

Bayan sadakar bakwai aka shafe zauren da farar ƙasa. Mai shafen ya bar mini wuri ɗaya a ƙasan bango, daidai tafin hannu, inda sifilin yake.