Sallama Uku a Ƙofar Jatau

Kai ma ka gani, ka kau da kai. Kada ka ce ba ka wurin. In ba ka zauna a dakalin nan na Ƙofar Jatau ba, ka zauna a irinsa a unguwarku, abu ya wuce ta gabanka, ka sunkuyar da kai ka ci gaba da abin da kake yi. Ba zan ware kaina ba. Nawa ma ya fi naka muni, don ni baya na juya gaba ɗaya, bakina kuwa bai huta ba.

Sunana Aƙilu, akawu ne ni a wani ofishin gona a Jos. A farkon shekarar nan ta 1978 na karɓi hutuna na mako ɗaya, na ce zan yi shi a birnin Zariya wurin ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hajo. A Bukuru aka haife ni, ban taɓa kwana a birnin ba, ban san kowa a cikinsa ba sai ita. Mijinta ya rasu wata biyu kafin nan, aiki bai bar ni na je gaisuwa ba. Niyyata in yi mata ta'aziyya, in zaga ganuwa, in yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Tun a mota na gane hutun ba zai yi daɗi ba. Soja sun yi alkawarin miƙa mulki baɗi, ana bi gida-gida ana rubuta sunayen masu zaɓe, mata da maza. Direba ya ce wanda ya ɗanɗana kujera da bindiga a hannu ba ya tashi. Wani farke a bayana ya ce gara ma kada su tashi, farar hula sun fi su ci. Wanda ke kusa da ni ya ce shi dai a gyara hanyar nan, ko aljani ne ya hau. Na ba kowannensu amsa. Kafin mu shiga Zariya muryata ta dushe, ba kuwa wanda ya sauya ra'ayi.

Na sami Gwaggo ita kaɗai a gidan. 'Yarta da ke aure a Kano ta koma bayan sadakar arba'in. Tana cikin takaba, ba fita, ba ado, ba ta ɗaga murya ga namijin da ba muharraminta ba. Ta rame, amma idonta na nan yadda na san shi.

A kwana na uku ta kira ni ɗaki. Ta sauke jeren kwanoninta ɗaya bayan ɗaya, daga cikin na ƙarshe ta ciro wani ƙyalle, ta kwance. Wani tsohon kati ne, ya yi ja don daɗewa.

"Katin maigidana Malam ne, na jam'iyyarsu ta siyasar farko," in ji ta. "Sau biyu ana kama shi a kansa. Wata bakwai ina aika tuwo gidan yari. Ran zaɓe ya sa babbar riga ya fita, ni aka bar ni da tukwane, don lokacin ba a yi da mu. Da ya dawo na ce, Malam, yaya abin yake? Ya ce ba wani abu ba ne, takarda ce kake jefawa a akwati. To, ina so in ga wannan ba wani abu ba da idona kafin in bi shi."

Na fara yi mata bayani a kan 'yancin mata. Ta ɗaga hannu.

"Ajiye wannan, ɗan nan. Mai unguwa ya sa an yi shela, ran Alhamis masu rubuta suna za su shigo layinmu. Abu ɗaya nake so. Ka zauna a zaure. In sun yi sallama ka amsa, ka yi musu iso har shigifa. Ni zan tsaya bayan asabari in faɗi sunana. Ba namiji a gidan nan sai kai."

Na ce wannan ai ba aiki ba ne.

Ran Alhamis na shimfiɗa tabarma a zaure tun da sassafe, da jarida a hannu. Na karance ta har tallace-tallace. Hantsi ya yi, ba kowa. Can tsallaken layi, gaba kaɗan, akwai wani dakali a gindin rimi inda masu ɗinkin babbar riga suke zama. Kwana huɗu ina wuce su da gaisuwa kawai. Ranar iska ta riƙa kawo mini hirarsu har cikin zaure.

Wani mai ƙiba ne ke magana, wanda daga baya na ji ana kira Alhaji Garba. Shi ba ya ɗinki, shi ke sayen rigunan ya kai Kano.

"Ni wannan tsari ya yi mini," in ji shi. "Da ƙuri'a ɗaya gare ni. Yanzu da iyali da 'yan mata biyu da suka isa, na zama mai ƙuri'a huɗu ina zaune."

Aka yi dariya. Na ce a raina, minti biyar kawai. Daga dakalin ai ana ganin ƙofar gidan.

Na yi sallama, suka matsa mini wuri. Wani dattijo siriri mai giɓi, da allura a hannun hagu, ya dube ni sama da ƙasa. Bahago suke ce masa.

"Baƙon gidan marigayi ne ko? Ɗan Jos. Zauna, Malam Akawu, mun ga biro a aljihu."

Na ce, "Alhaji, na ji maganarka. Ƙuri'ar iyalinka ba taka ba ce. Tasu ce."

"To," in ji Alhaji Garba. "Shinkafar da suke ci fa, ta wa ce?"

"Wannan haƙƙinsu ne a kanka. Ba sayen ra'ayinsu ka yi ba."

"Bahago, ka ji. An aiko mana da alƙali daga kan dutse."

Bahago bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba. Ya sa yatsa ya nuna giɓinsa.

"Ka ga nan, samari? Haƙora biyu. A siyasar farko na ba da su, ni da mai gidan da ka sauka, rana ɗaya aka kwantar da mu. Wanda muka sha dukan dominsa ya ci zaɓe, ya wuce ta nan a mota, gilashi a rufe. In an dawo da siyasa a fara dawo mini da haƙorana, ina da gasasshiyar masara da nake so in ci."

"Baba, don an cuce ku sau ɗaya sai ku bar wa macutan filin?"

"Sau ɗaya, in ji shi. Shekarunka nawa?"

"Ashirin da shida."

"Allurar nan ta kusa kai haka."

Wani daga gefe ya ce soja ko farar hula, duk wanda ya hau Allah ne ya ba shi, namu addu'a. Alhaji Garba ya ce shi duk wanda ya ci, da safe zai je ya yi masa murna, haka ya yi da na da, haka zai yi da na gobe. Wannan ce ta tayar da ni tsaye. Na tsaya a gabansu, na fuskance su, na ba layin baya. Na yi maganar kwatar da ke bi ta ƙofar gidajensu, da famfon unguwa da na ga ya bushe, da asibitin da mace ke kwana a layi. Na ce wannan zama da suke yi, wannan "Allah ya kyauta" da suke rufe kowace magana da shi, shi ne ya kai mu inda muke. Na ce rabin mutanen birnin nan suna bayan katanga, ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da suke so. Har yau ban janye ko kalma ɗaya ba. Gaskiya na faɗa. Sun kuwa saurare ni, ba wanda ya tanka, allurai na shiga suna fita. Na ɗauka maganar ce ta kama su.

Kiran azahar ne ya tsayar da ni. Na juya, na tsallaka layi. A jikin ƙofar zauren Gwaggo na ga an ja lamba da alli, an yi mata zagaye. Da safe babu ita. Na duba ƙofar maƙwabta, kowace da tata.

Na koma dakalin da sauri.

"Masu rajista sun zo?"

"Sun zo," in ji Bahago. "Sau uku mai rubutun ya yi sallama a zaurenku. Mai ladabi ne, yana tsayawa tsakanin kowace."

"Kuna gani?"

"Muna gani."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

Ya cire zaren daga baki, ya dube ni da mamaki na gaske.

"Kana magana, Malam Akawu. Baƙo ne kai. Ba a katse baƙo."

Alhaji Garba yana naɗe hannun riga zai yi alwala. Ya ce, "Ni na ɗaga masa hannu ya wuce. Gidan takaba ne, me zai tsaya yi? Ba a damun mai takaba da irin wannan."

Ban shiga gida ba. Na bi lambobin alli layi-layi, ina tambaya, ana nuna mini gaba. Ban san birnin ba, lunguna suka yi ta mayar da ni inda na fito. Sai bayan la'asar na same shi wajen Ƙofar Kibo, zaune a bakin wani masallaci, ya cire takalma yana matsa ƙafa. Malam Adamu sunansa, malamin firamare ne aka ɗauko don aikin. Na faɗa masa abin da ya faru. Na so in yi faɗa, amma ban ga wanda zan yi da shi ba.

"Na tuna gidan," in ji shi. "Akwai tabarma da jarida a zaure. Na ce mai ita bai yi nisa ba, har na ƙara jira."

"Mu koma yanzu. Ba zai ɗauki minti goma ba."

"Littafin layinku na miƙa wa babbanmu tun azahar, an rufe, an ba ni wani. Ba ni da ikon buɗe shi." Ya ci gaba da matsa ƙafarsa. "Malam, ka san gida nawa na yi wa sallama yau ba a amsa ba? Ina tahowa ina jin daka a ciki. Ina yin sallama taɓarya ta tsaya. In yi ta biyu, in yi ta uku, shiru. Ina juyawa in ji ta ci gaba. Suna ciki, suna ji na. Maigida ya tafi kasuwa ko gona, ni kuma ba zan wuce zaure ba, ba haka aka rene ni ba."

Ya ce dama ɗaya ta rage. An gaya musu wata mai zuwa za a manna sunaye a ƙofar mai unguwa, a ba da 'yan kwanaki na gyara. In wani ya je ya ce an tsallake gida kaza, ya kuma tsaya ya yi iso, za a dawo. Na lissafa. Wata mai zuwa Gwaggo ba ta fita takaba ba. Ni kuma hutuna zai ƙare ran Lahadi.

Na same ta zaune a bakin shigifa, bayan asabari, da mayafinta. Tun safe take wurin.

"Na ji shi," ta ce. "Muryar yaro ce mai hankali. Duka ukun na amsa masa, a zuci."

"Gwaggo, laifina ne."

"Kai ma na ji ka. Har nan muryarka take zuwa. Ka iya magana, kamar Malam." Ta dafa bango ta miƙe. "Ka ci abinci, ya huce."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a na koma dakalin. Ban yi jawabi ba. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na faɗi abin da Malam Adamu ya ce, na roƙa ko akwai wanda zai je ƙofar mai unguwa in an manna sunaye, ya kuma zauna a zauren na awa ɗaya. Alhaji Garba ya ce Allah ya kai mu. Na gefen ya ce Allah ya nuna mana. Bahago ya daɗe yana neman ramin allura.

"Hajo ce ta ce tana so, ko kai ne kake so mata?"

"Ita ce. Ta nuna mini katin mijinta."

"Yana nan ashe." Ya zura zaren. "Tuwon da take aikawa gidan yari, tare muke ci da shi. Miyar ba ta taɓa isa ba." Ya soka allurar a jikin riga. "In ina nan."

Ban san abin da wannan ke nufi ba, har yanzu ban sani ba. Na taɓa jin an faɗi maganar nan da niyyar cikawa, na kuma ji an faɗe ta don a rabu da mutum.

Ran Lahadi da zan tafi, Gwaggo ta ƙulle mini dakuwa a takarda. Kwanonin sun koma jerensu, katin yana ƙarƙashi. A mota wani ya fara cewa soja ba za su sauka ba. Na jingina kai da taga na bar shi.

Na gaji da jin ra'ayin mutane, na gaji da nawa. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ke damunta, tun daga direba har mai allura, ba wanda za ka tambaya ya rasa amsa. Abin da aka rasa ranar Alhamis ɗin nan mutum ɗaya ne da zai zauna a kan tabarma ya ce "wa alaikumus salam".

Saboda haka ba ra'ayinka nake nema ba, riƙe abinka. Kwanan nan za a manna sunaye. Ka je ka karanta. Sannan ka shiga cikin gidanku ka tambayi mahaifiyarka, da matarka, da gwaggonka, ko an rubuta su. Ka dubi layinku, ka ƙirga gidajen da ba namiji da rana. In a Ƙofar Jatau kake, gidan yana daura da rimin masu ɗinki, da lambar alli a ƙofa, sunan matar Hajo. Kada ka jira Bahago. Ka je ƙofar mai unguwa ka ce an tsallake ta, ka dawo ka zauna a zauren, ka rufe bakinka, ka jira sallama.