Hajo Ba Kifi Ba Ce

Kofur Inuwa ya dawo Gaya daga yaƙin basasa da tabo a gwiwa da labarin kifi guda ɗaya. Wani kukun jirgin ruwa ne ya ba shi a Fatakwal: wai akwai kifi, salmon, da ke zaune a teku, yana shan ruwan gishiri yana fitar da gishirin ta maƙoshi. Idan ƙwai ya zo, sai ya nufi kogin da aka haife shi. Amma ba ya faɗawa ruwan daɗi kai tsaye. Sai ya yi kwanaki a bakin kogi, ya daina shan ruwa, ya yi ta fitsari har jikinsa ya saba. In ya zuba ƙwan kuma, sai ya mutu.

Wannan na ƙarshen shi ne ya hana Kofur sakat, domin matarsa Hajo na da cikin fari, za ta tafi goyon ciki gidansu a Balan. Rijiyarsu ta Gaya zartsi ce, ta Balan kuwa garɗi. To, ina bambancinta da kifin?

Ranar tafiya bawan Allah ya ɗora wa jaki tulu biyu, ɗaya na zartsi, ɗaya na ruwan daɗi. Duk inuwar da suka samu sai ya tsaya ya gauraya, ya ɗanɗana, ya miƙa mata. A rabin hanya ya ce kwana uku za su yi a gindin tsamiya.

"Maigida, lafiyarka kuwa?"

"Kin yi fitsari?"

"Innalillahi! A gaban masu zuwa kasuwa?"

Ta kaɗa jakin ta yi gaba, shi kuma yana ɗingishi a baya. A ƙofar gida ya durƙusa gaban surukarsa Gaji, ya ba ta labarin kifin, ya roƙe ta kada Hajo ta ƙara lasar gishiri. Gaji ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah ya sawwaƙe wa soja.

Bayan wata guda saƙo ya iske shi a gona: an haihu. Ko fartanya bai ajiye ba. Kunyar surukai, kunyar ɗan fari, duk ya watsar, ya kutsa har tsakar gida.

"Inna, tana da rai?"

Ga Hajo nan zaune a ɗaki, ta rungume ƙwaryar kunun kanwa, kanwar har ɗaci take, tana kwankwaɗa ba ko numfashi.

"Kanwa!" in ji Kofur. "Wa ya ba ta?"

"Ni na ba ta," in ji Gaji. "Mu nan haka kifinmu yake sha."

Mata suka kwashe da dariya. Shi kuwa sai ya zube a ƙasa yana kuka wiwi, da fartanyarsa a kafaɗa. Hajo ta leƙo, ta miƙo masa ludayi.

"Sha, maigida. Ka ga ban mutu ba."