Ƙarafa Biyu a Bayan Jirgin Dokta Illo

Babu mahaluƙin da ya kai ɗan hamada fahimtar teku. Rairayi da ruwa halinsu ɗaya, iska ke juya su, da taurari ake ratsa su, kuma ba sa yafe wa jahili. Dokta Illo ne ya gano haka, kuma ba ya rowar faɗi. A tsakiyar birnin Damagaram aka haife shi, hamadar da ya sani ita ce wadda ya taɓa hangowa ta tagar mota a hanyar Agadas. Ya karanta ilimin ruwa a Lyon, ya zauna nan yana auna kogin Rhône daga cikin biro, wato ofis, mai ɗumi. Iyo kam bai iya ba, amma yana ɗaukar wannan a matsayin ladabi ga ruwa.

Yana da jirgin ruwa, nasu ne su biyu, shi da Guillaume abokin aikinsa. Ƙarami ne, tsoho, mai tafiya da iska. Da sanyi yana kwance a wani wurin ajiyar jirage a bakin kogin Saône, da zafi su gangara da shi teku, suna jan ɗan kwalekwalen roba da igiya don fita gaɓa. Duk sanda za a ɗora kwalekwalen sama, Illo ne ke sunkuyawa bisa ruwa, sanye da rigar ceto, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Daga nan maganar bosuwar ta taso, wato ƙarafa biyu masu lanƙwasa da ake kafawa a bayan jirgi, a rataye kwalekwalen a jikinsu. Guillaume ya ce jirginsu bai kai ba: nauyi zai danne gindinsa, iska ta riƙa kama kwalekwalen, tafiya ta lalace. Illo ya zauna ya yi lissafi don ya ƙaryata shi, lissafin ya goyi bayan Guillaume. Sai ya sanar da sakamakon a matsayin bincikensa. Duk da haka, a Disambar 2011 ya hau jirgin ƙasa zuwa baje kolin jiragen ruwa na Paris, don ya ga abin da ya ƙi da idonsa.

A Stains, gefen Paris, ya sauka, gidan wansa Alhaji Sa'idu, mai sayar da akwatuna da barguna a kasuwa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Ran Lahadi bayan an ci shinkafa da miyar Hajiya Zouera matar Alhaji, Illo ya baje takardar talla mai hotuna a tebur, ya shiga bayani yadda jami'ar Faransa ta horar da shi: a fara da hujjojin yarda, a bi da na ƙi, sannan a yanke hukunci. Ya yabi ƙarafan, ya yabi ƙyallinsu, ya kwatanta yadda ƙugunsa ke amsawa in ya sunkuya. Yana shirin shiga kashi na biyu Alhaji ya duba agogo, ya tashi alwalar la'asar. Kashi na biyu da hukuncin, kujeru ne suka saurara.

Abin da Dokta ya manta shi ne, a gidansu ƙane ba ya buɗe baki ya roƙi wa. Yabon abu yake yi, ya ɗan koka, ya yi shiru. Shi kuwa ya yi duka ukun, a jere, har da hotuna.

Bayan 'yan makonni Alhaji ya iso Lyon da farar motarsa ta kaya. A ciki akwai ƙarafa biyu da wani mutumin Cadi mai ƙera ƙofofi a La Courneuve ya haɗa masa. An yi musu koren fenti, an nannaɗe su da ado irin na ƙofar gidan attajiri, kowanne da tauraro a kai. Sai da mutum uku suka taru kafin ɗaya ya taɓa ƙasa.

Guillaume ya zagaya su, ya ce da Faransanci lallai suna da ƙwari. Sannan ya ja Illo gefe, ya gaya masa ba wasa a fuskarsa: ranar da aka huda jirgin don waɗannan, ranar zai sa nasa rabin a kasuwa. Abin ai mai sauƙi ne, in ji shi, ka ce na gode amma ba na so. Illo ya yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa kalmomin suna nan a Hausa, ɗaya bayan ɗaya, amma ba a taɓa jera su haka a gaban mutumin da ya saya maka takalmin shiga makarantar lakwal ba.

Ya tsaya tsakanin jirgi da mota, ya rasa wanda zai kalla. Can dabara ta zo masa, irin wadda ke zuwa wa masu ilimi kaɗai.

"Yaya, wallahi aiki ya yi kyau. Sai dai ka san Nasara da doka. Ba su yarda da baƙin ƙarfe bisa jirgi, sai inoks, wanda ba ya tsatsa. Kuma sai na kamfani, mai tambari, in ba haka ba 'yan asirans masu inshora su janye hannunsu."

Alhaji ya shafa tauraron da ke kusa da shi.

"Mai tambari."

"Mai tambari, Yaya."

"To, ba laifi. Na gida sai a yi wa Hajiya shanya da su."

Aka mayar da ƙarafan mota, Illo na riƙe da ƙofa yana ba da umarni. Da yamma ya yi wa Guillaume doguwar lacca a kan yadda mutanen Afirka ke cewa a'a ba tare da an ji ciwo ba, fasahar da Turai ta yi asararta tun zamanin juyin juya hali.

Farkon bazara mai wurin ajiyar jirage ya kira shi, wai an kawo dogon kwali da sunansa. Suka je tare da Guillaume. A ciki bosuwar ne sabbi fil, inoks, suna ɗaukar ido, daidai waɗanda ke cikin takardar da ya bari a teburin Stains. Guillaume ya ɗaga ɗaya da hannu guda, ya dubi fuskar Illo, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce waɗannan dai ba su da nauyi sosai, ya tafi aron na'urar huda. Da aka rataya kwalekwalen, gindin jirgin ya ɗan nutse, hancinsa ya ɗaga sama. Guillaume ya ce yanzu jirgin ya ɗauko kamannin ɗaya daga cikin masu shi.

Illo ya koma cikin mota ya kira Stains. Hajiya Zouera ce ta ɗauka, ta ce Alhaji yana kasuwa, yanzu har Litinin, ranar hutunsa, yana fita. Suka gaisa, ta tambayi matarsa Sahadatou da yara, ta tambayi ƙugunsa. Ya ce da sauƙi. Don ya samu abin faɗi, ya tambaye ta yaushe za su tashi zuwa Damagaram, tunda hutu ya matso.

"Ai bana ba mu zuwa," in ji ta. "Alhaji ya ce zafi ya yi yawa a gida. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Ta ce ya dakata, tukunya na kan wuta.