Littafin da Zayyad Yake Rubuta Sunaye

Da Zayyad ya tsaya ga injinsa na niƙa dutsen zinari a Bagega, da yau yana nan yana tari kamar sauran. Amma sai ya dawo ƙauyensu, gabas da Zugu, da wani wasa a waya. Ka yi ta danna allo maki na taruwa, wai wata rana waɗanda suka ƙirƙiro wasan za su mayar da makin kuɗin intanet da ake kira kirifto. Shiga kyauta ce, kuma duk wanda ka shigar ana ƙara maka maki. To, mutanenmu da abin banza! Kafin gero ya fid da kai, mai shayi, mai faci, har matan aure a tsakar gida, kowa yatsansa na kan waya.

Matsalar ita ce sabis. Ba a samunsa sai a kan wani dutse bayan gari, don haka kullum da hantsi Zayyad ke hawa can da wayoyin mutane cike da jaka. Don kada ya rikice, ya sayi littafi yana rubuta sunan kowa, da lambarsa, da kwatancen gidan da zai mayar da wayar. Wasan yakan nemi hoton fuska, wannan ma shi ke ɗauka. Mutum ne mai tsari, tsarin ne kuma ya ci shi.

Ranar Talata da rana tsaka 'yan bindiga suka tare hanyar kasuwa, suka harbe mutum biyu, suka kora bakwai daji. Laraba da hantsi 'yan sa-kai suka sauko da Zayyad daga kan dutsen, suna jansa a ƙasa har bakin kasuwa. Shugabansu Hammadu, wanda ƙanensa na cikin waɗanda aka binne jiya, ya buɗe littafin. Duka bakwai ɗin da aka sace suna ciki, kowa da kwatancen gidansa. Ina abin mamaki, ai rabin gari na ciki, amma wa ke da hankalin wannan lissafi ranar?

"Kai, infoma!" in ji Hammadu. "Wa kaka aika ma hotunan mutane bisa dutsi?"

"Wallahi wasa na, Baba Hammadu! Kowa ya sani, dut garin ga suna yi!"

Gindin bindiga ya sauka a bakinsa, haƙora biyu suka faɗo cikin jini. Wani ya sare shi da adda a kafaɗa. Tsoro ya kama Zayyad sosai, don ya gane ransa ake nema, amma bai fid da rai ba. Ga mutanensa nan sun kewaye shi, bakin mutum ɗaya ya isa ya cece shi.

Hammadu ya zazzage jakar, wayoyi suka zube a ƙasa.

"Wanda duk ad da waya nan, shi hito shi ɗauka, mu san abokan aikinai."

Ba wanda ya motsa. Mutanen da ke sallama a ƙofarsa tun da sassafe suka sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki. Zayyad ya hangi Kamalu, abokinsa tun suna yara, wanda ya fara shigarwa wasan.

"Kamalu! Ga taka nan, mai jan marhi. Hwaɗa musu, don Allah!"

Idanu suka koma kan Kamalu. Ya ce, "Ni ban san shi da komi ba."

"Madalla," in ji Hammadu, ya miƙa masa gora. "In ba ka cikinsu, gwada muna."

Kamalu ya karɓa. Yana da mata da 'ya'ya uku, kuma bindigogi huɗu na kallonsa. Ya matso yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ɗaga gorar da hannu biyu.

Zayyad ya daina roƙo. Ya dube shi da idon da bai kumbura ba, ya ce a hankali, "Yi da ƙarhi, Kamalu. In ka sassauta, kai ma kashe ka za su yi."

Kamalu ya yi da ƙarfi. Sauran suka rufe Zayyad da duka, kuma kafin azahar an gama.