Ganye a Gaban Motar Salahuddeen

Motar nan ta Salahuddeen, kai, Allah ya sawwaƙe! Ba ta tashi lalacewa sai ranar da ake neman ta ido rufe. Lafiya lau ta taso daga Tungan Magajiya, sai da aka fara hango rufin kwanon Kontagora ta yi tari ta mutu a gefen titi, da rana tsaka.

A kujerar baya mahaifiyarsa ce, Inna Larai, kwance lulluɓe da zane. Numfashi ke yi mata wuya, likita kuma ya ce in ana son ta a kawo ta yau. Amma ciwo bai hana bakin Inna aike ba. Tun da suka kama hanya take jero masa: a sayo man zafi, a karɓo ɗinkinta wajen tela, a duba mata murfin tukunya a kasuwa.

"Kai wannan, kana ji na kuwa?"

Haka take kiransa. Ɗan fari ne, bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ko a bayan idonsa.

"Ina ji, Inna! Asibiti za mu fa, ba cefane ba." Ko waiwayawa bai yi ba.

Wasu 'yan acaba suka taya shi tura motar zuwa gindin wata dalbejiya, inda wani dattijon bakanike mai suna Japhet ke aiki. Japhet ya buɗe bonet, ya kwance fulogi ya goge, ya hura fiyus, ya tsotsi mai ya tofar. Har batir ya canza. "Yi kik," in ji shi. Mota ta ce ƙyas, ta yi shiru.

"Oga, komai nata lafiya yake."

"Lafiya? To, don ubanta me ya hana ta tashi?"

Salahuddeen ya fita titi yana ɗaga hannu. Motoci sai wucewa suke da buhunan shinkafa har rufi, ba wanda ya ko dube shi. Haushi ya cika shi, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Ga asibiti can kusa, ga shi tsaye kamar wanda aka dasa.

"Kai wannan, kar ka manta da tela," muryar Inna ta fito daga cikin mota.

"Na ji, Inna! Haba!"

Japhet ya ɗago kai daga inji. "Da wa kake magana?"

"Da tsohuwata mana."

Dattijon ya goge hannu da tsumma, ya zagaya, ya leƙa ta gilashin baya. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya cire hularsa. Ya karyo reshen dalbejiya ɗanye ya soka a jikin lambar gaba, ya karyo wani ya soka a baya.

Duk mai bin hanyar nan ya san motar da ake sa wa ganye gaba da baya. Motar da ta ɗauko gawa ce, don a ba ta hanya.

"Cire!" Salahuddeen ya daka masa tsawa. "Uwata kake yi wa mugun fata? Gyara na kawo maka ko camfi?"

"Gyaran ke nan, oga. Na sha ganin irin wannan. Wata motar ba ta yarda ta ɗauki mamaci a ɓoye. Shiga ka yi kik."

"Yanzu ta yi mini magana, a gabanka!"

"Ni dai ban ji kowa ba sai kai."

Salahuddeen ya shiga ya zauna. Ya kasa kallon madubi. Tun da ya sayi motar nan bai taɓa roƙon Allah kada ta tashi ba sai yau. Ya ɗora hannu a kan makulli ke nan sai muryar ta zo daga bayansa, tas da ita, babu haki babu tari.

"Salahuddeen."

Tsigar jikinsa ta tashi. Ashe haka sunansa yake da daɗi a bakinta.

"Bar ɗinkin nan wajen tela. Farin yadi za ka sayo mini."

Ya murɗa makulli. Bugu ɗaya mota ta tashi, inji na tafiya sumul, yadda bai taɓa yi ba.

Sai a lokacin ya waiwaya. Zanen ba ya motsi. Ƙuda ya sauka a kan ɗan yatsan ƙafarta, bai sami mai kore shi ba. Ya kai hannu ya taɓa ƙafar, ya ji ta yi sanyi tun tuni.

A waje Japhet ya shiga tsakiyar titi don ya ba shi damar juyawa gida. Irin motocin nan da suka ƙi tsayawa ɗazu, da ganin ganye duk suka ci burki, direbobi na ɗaga masa hannu.

Salahuddeen ya juya kan motar, hawaye na zuba masa har gemu.

"Inna," ya ce, "man zafin fa? Da murfin tukunyar? Ki ƙara faɗa mini, wallahi ina ji."

Ba abin da ya amsa sai ƙarar inji.