Takalmana a Ƙofar Farar Mota

Motar Baba ta mutu a hanyar Nagoya da kayan mutane a cikinta. Sai da abokinsa ya je ya kwashe kayan ya ƙarasa da su. Baba ya dawo a gaban motar da ta janyo ta, yana ta ba direban labarin ƙuruciyarta kamar wanda ya taso daga jana'iza.

Aikin Baba kai kayan gaggawa ne. Unguwarmu a gabashin Osaka duk ƙananan masana'antu ne, wannan na yankan ƙarfe, wancan na yin noti. In inji ya tsaya a wani gari saboda ɗan ƙarfe guda, sai a bugo waya, Baba ya ajiye sandunan cin abinci ya fita. In ya kai kuma ba ya juyowa fanko. Katifa yake shimfiɗawa a bayan motar ya kwanta har a samo masa kayan dawowa. Shi ya sa direbobin wannan aiki ba sa sayen mota sai sun kwanta a cikinta. Duk mai sayar da mota a wajenmu ya san haka. Iyali za su zo gaba ɗaya, a leƙa inji, a daddanna taya, amma wanda ya cire takalmi ya hau baya ya miƙe, shi ne direba.

Ni kuwa ranar Litinin zan fara aiki a shagon abincin Anti Fusae, ƙanwar Mama. A shagon nan duk wanda ya shigo sai an ɗaga murya an yi masa maraba, mai fita kuma a raka shi da godiya har titi. Ni da ko a makaranta in malami ya kira sunana, ta kusa da ni ce ke cewa, "Tana nan." Mama ta ce ai shi ya sa, can ne bakina zai buɗe.

Abin da nake so ban faɗa wa kowa ba. Tun ina ƙarama nake bin Baba in an yi hutu, kuma ban taɓa samun wurin da ya yi min daɗi kamar gaban motar nan ba, hanya a miƙe, ba mai tambayarka komai. So nake in karɓar masa rabin tafiye-tafiyen. Na daɗe da lura in zai hau bene da ƙafar dama yake farawa, in ya zauna cin abinci yana murza gwiwar hagu a ƙarƙashin tebur. Taka kuloci ne ya cinye ta. Matsalar ita ce lasisina na mota mai giyar otomatik ne kaɗai, irin wanda yawancin 'yan ajinmu suka yi. Baba kuwa ya tsani otomatik. Cewa yake motar da ke sa wa kanta giya, wata rana hanya ma ita za ta zaɓar maka. Kuma in ya sayi mota ba ya rabuwa da ita sai ta mutu. In ya ɗauki mai giyar hannu, ni da aikin nan sai wani zamanin.

Ranar Lahadi da hantsi muka je wajen Kawu Nakasuji, mai sayar da motocin hannu a bakin kogi. Ba kawuna ba ne, ɗan ajin su Baba ne, amma haka nake kiransa tun ina goye. Mama ta biyo mu da gorar shayin sha'ir, wai don kada a ruɗi Baba.

"Kuni," Kawu ya kira sunan Baba yana shafa sanƙonsa, "na ji ta rasu. Kai ka kashe ta ko ita ta gaji da ganin fuskarka?"

"Kai ka sayar min da ita, ka fi ni sanin cutarta."

"Na sayar maka da budurwa, ka tsofar min da ita. Ke kuma Chizu-chan, kin girma. Har yanzu ba a sa miki murya ba?"

Na sunkuyar da kai na yi murmushi. Abin da na iya ke nan.

Motoci biyu ya ware mana, duk ƙanana masu dogon rufi. Ɗaya ruwan toka ce, mai giyar hannu, tana sheƙi. Ɗayar fara ce, otomatik, da ɗan lotsawa a ƙofar gefe. Baba ko kallon farar bai yi ba. Ya zagaya mai ruwan tokar, ya buɗe ƙofar baya ya rufe don ya ji ƙararta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Da zai miƙe sai da ya dafa taya. Ya kwantar da kujerun baya, ya cire takalmi, ya hau ya miƙe, ya ɗora hannuwa a ciki.

"Yaya?" in ji Kawu.

"Yi shiru, ina sauraren bayana."

"In ka fara minshari zan caje ka kuɗin otal."

Mama ta leƙa. "Baban Chizuru, safarka ta huje. Ka rasa ranar sa ta sai yau."

"Iska take shan min." Ya juya dama, ya juya hagu. "Wannan ta yi. Shimfiɗe take kamar tabarmar gida. Nakasuji, ɗauko takardu."

Kawu ya nufi ɗan ofishinsa yana kaɗa makulli. Na matsa kusa da ƙafafun Baba na ce, "Baba." Ni kaina ban ji ba. Na sake gwadawa, sai wata babbar mota ta wuce kan gada ta tafi da maganar. Mama tana zuba shayi, Baba yana kallon rufi yana murmushi shi kaɗai.

Ban san lokacin da na isa wajen farar ba. Na ɗaga ƙofar baya, na kwantar da kujeru kamar yadda nake ganin Baba na yi. Na cire takalmana, na jera su daidai, bakinsu na kallon waje. Na hau na kwanta.

Rufin yana da ɗan tabo kamar taswira. Shi na ƙura wa ido. Na ji takun Kawu yana dawowa, sai takun ya tsaya.

"Kuni," ya ce a hankali, "tashi ka ga. 'Yarka ta cire takalmi."

Fuskoki uku suka bayyana a ƙofar. Mama ce ta fara. "Chizuru, sauko mana. Mutane na wucewa. In kin gaji ne ga kujera."

"Ba gajiya ba ce," in ji Kawu. "Dubi yadda ta jera su."

Baba yana tsaye a kan tsakuwa da safa, babban yatsansa a waje. Ya dubi takalman, ya dube ni, ya leƙa wajen giyar. Can ya yi gyaran murya, ya yi min tambayar da direbobi suke yi wa juna.

"Ina ke taɓa ki?"

"Kafaɗar hagu," na ce. "Akwai ƙarfen kujera."

"Matsa."

Ya hau ya kwanta kusa da ni, motar ta ɗan yi ƙasa. Ya mutsa kafaɗa, ya yi tsaki. "Katako siriri a ƙarƙashin katifa zai gyara wannan." Ya juyo ya dube ni. "Amma otomatik ce fa."

"Gwiwarka," na ce.

"Me ya sami gwiwata?"

"Kowa ya san abin da ya same ta," in ji Mama daga waje. "Maganin shafawar nan kana tsammani shanye shi nake yi?" Sai ta juyo kaina. "Ke kuma, kina ganin tuƙi ba magana? In kin isa masana'anta wa zai yi miki sallama da mai gadi? Fusae na jiranki gobe."

"Gaskiyar mamanki," in ji Baba, yana kallon rufi. "Injina na ruri, mai gadi ya tsufa, mutane na can ciki suna jiran ƙarfen nan kamar su yi kuka. In ba a ji ki ba, ba ki iso ba. Faɗi mu ji. In Nakasuji ya ji daga ofis, an gama."

Kawu ya koma da baya har ƙofar ofishinsa, ya kama kunne da hannu.

Na rufe ido. Na tuna shagon Anti Fusae, da maraba tun rana har a tashi. Wannan kuwa sau ɗaya ne a kowace tafiya. Na ja numfashi na ce, "Sannunku da aiki! 'Yar gidan Tsujimoto ce daga Osaka, na kawo kayan gaggawa!"

Ban san motar fanko haka take ba. Ƙarfen ya karɓi muryar ya ninka ta ya watso waje. Baba ya zabura har ya bugi gefe da gwiwar hannu. Karen maƙwabta ya kama haushi.

"Na ji," in ji Kawu daga nesa. "Na Nagoya ma sun ji, sun ce a shigo da kayan."

Mama ta tsaya da murfin gora a hannu tana kallona kamar an musanya mata 'ya. "Ashe kina da ita kike ɓoyewa."

"Motar ce," na ce.

"To motar za mu saya," in ji Baba. Ya tashi zaune yana sosa kunne. "Gajerun tafiye-tafiye za ki fara, Kobe da Kyoto, ina gefe. Nakasuji, canza takardun. Lotsawar nan kuma kai za ka gyara."

"Ai ita ce kwalliyarta."

Kafin a sa hannu Baba ya ce sai ya zagaya da ita filin. Muna tsaye muna jin ƙafarsa ta hagu tana dukan ƙasan motar, dum, dum, tana neman kulocin da babu. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki.

Mama ba ta yi dariya sosai ba. Ta ciro wayarta ta miƙo min. "Ba ni zan ji kunyar Fusae ba. Ke za ki faɗa mata, da bakinki."

Na karɓi wayar. Na jira Baba ya tsayar da motar, na sake cire takalmi, na hau baya na kwanta, na janyo ƙofa. Sannan na danna lambar Anti.