Ranar da Muka Ƙi Jeyaseeli

Shekara talatin ina zuga ogan ɗin cocinmu na Arulpuram, babban abin kiɗan nan mai bututai. Mai kiɗa yana gaba mutane na ganinsa, ni ina bayan bututai ina danna sandar da ke cika masa iska. Ba wanda ya taɓa tafa mini, ban kuma damu ba.

Da idon mai kiɗanmu Malam Thangaraj ya mutu, sai aka shiga neman wanda zai gaje shi. Mutum biyu suka fito: Gnanaraj, malamin firamare mai kiɗa da yatsa huɗu, da Jeyaseeli, 'yar ƙanwata, wadda ta dawo daga Madras da takardar shaidar kiɗa tana da shekara ashirin da biyu. An yi mata tayin aiki a birni ta ƙi. Kujerar mai kiɗan nan take so, inda ta fara koyo tun ƙafarta ba ta kai ƙasa.

Mu kuwa muna da tamu hanyar waƙa. Muna jan baiti kamar mai jan guga, kuma ba a shiga na gaba sai tsohuwarmu Iya Ponnammal ta ja numfashi ta fara. Haka muka taso muka tarar. Babu wannan a takarda, mai kiɗa ne ke sanin ya jira.

Ranar bikin girbi aka gwada ta, coci cike da dammunan shinkafa da ayaba. Yarinya ta kaɗa waƙar yadda aka rubuta ta. Ta kai ƙarshen baiti na biyu mu muna tsakiyar na farko, Iya Ponnammal ta rufe littafinta ta zauna.

"Ke 'yar nan, jirgi za ki kama ne?" in ji ta da aka tashi.

"Iya, haka waƙar take."

"Ta Madras ko? Tamu ba ta da gaggawa."

Dattawa suka rabu uku da uku, fasto ya ce a tambaye ni, tunda na fi kowa jin ogan a jikina. Gaskiya kafaɗuna ciwo suke, don kiɗanta akwai cin iska. Na ce, "Ta iya, amma ta fi ƙarfinmu." Gnanaraj aka ba.

Ana gobe za ta bar garin ta same ni ina shan kofi a gindin giginya.

"Kawu, zo ka zuga mini sau ɗaya."

Da rana tsaka ne, ba kowa a cocin. Ta tuɓe takalmi ta hau. Na ji bututan da Malam Thangaraj bai taɓa buɗewa ba, katakon ƙasa na rawa a tafin ƙafata. Ashe duk shekarun nan rabin muryar ogan ɗin muke ji. Na yi ta zuga ina kuka, ban ji ciwon kafaɗa ba.

Da ta sauko na ce, "Bari in koma wurin fasto."

Ta yi murmushi tana saka takalmi. "Bar shi, Kawu. An riga an gaya wa Gnanaraj."

Yanzu a Colombo da Bombay ake sayen tikiti a saurare ta. Kowace Kirsimeti takan zo gida, ta zauna a layin mata kusa da uwarta, ta ja baiti yadda muke ja. Sau uku ina roƙonta ta hau kujerar, sau uku tana cewa ba tata ba ce.